Jirgi a Kudu, Ni a Paris

Autan gidanmu ma'aikacin jirgin ruwa ne a da. Har yau in na faɗi haka a gaban mutanen garinmu sai wani ya yi dariya, don mu 'yan Damagaram ne, kuma babban ruwan da muka sani muna yara shi ne tafkin bayan gari, wanda ke ƙafewa tun bazara ba ta yi nisa ba. Ya tafi bakin teku ne neman aikin tuƙo motoci zuwa arewa, ya ɓige da share-share a tashar jiragen ruwa. Daga nan ya yi ɗan horo, aka ɗauke shi a ɗakin injin wani jirgin dakon kaya, yana goge mai yana ɗaure abin da ya kwance. Ni kuwa ina Saint-Fons, gefen Lyon, ina tuƙa motar ɗaga kaya a wata masana'antar sinadarai. Karatuna bai wuce firamare ba, amma a gidanmu ni ne wanda ya san Turai, kuma na saba a tambaye ni in ba da amsa, ko na sani ko ban sani ba.

Ina hutun cin abincin rana ya kira ni ta bidiyo. Ya ce jirginsu ya tsaya a Faransa, a babbar tashar nan ta kudu inda kogin da ya ratsa Lyon ke shiga teku. Na yi murna har na miƙe tsaye. Muka gaisa, na tambayi aiki, ya tambayi yara da uwarsu. Sai na lura hoton na ta karkacewa.

"Auta, riƙe wayar da kyau mana, hancinka kawai nake gani."

"Da hagu nake riƙewa, Yaya."

"Damar fa?"

Ya ɗago ta. An naɗe ta da bandeji wanda ya riga ya yi rawaya. Ya ce wani bututun tururi ne ya fashe a kan hannun suna tsakiyar teku. Kyaftin ya ba shi man shafawa da ƙwayoyi, ya ce ya yi haƙuri sai tasha ta gaba, don a nan suna da matsalar da ta ishe su: masu binciken jiragen ruwa na Faransa sun hau, sun tarar famfon kashe gobara ba ya aiki, sun hana jirgin tashi sai an gyara. Da an gyara za su dawo su duba, jirgi ya kama hanya, tafiya mai nisa wadda ba likita a cikinta.

"Gobe za su kira mu ɗaya bayan ɗaya su yi mana tambayoyi," in ji shi. "In nuna musu?"

Ban ko yi tunani ba. Na ce, "Kul! Sa safar aiki a kai. Duk abin da suka tambaye ka, ka ce lafiya lau, alhamdu lillahi."

Dole in faɗi inda na samo wannan ilimin. Shekaruna na farko a ƙasar nan na yi su ne a Montreuil, gefen Paris, a wani gidan kwanan leburori, ba takarda. Na sha layin neman takardar zama a ofishin hukuma na Bobigny tun sanyin safiya na yanka kunne. Abin da manya suka koya mana a gidan shi ne, duk wanda ya zo da takarda da alƙalami yana tambayarka, ba alherinka ya kawo shi ba. Kana ciwo? A'a. Ana zaluntarka a wurin aiki? A'a. Ka rufa wa mai gidanka asiri, ka rufa wa kanka. Da wannan na rayu har na sami takarduna, sai na ɗauka da shi ake rayuwa ko'ina, har a kan ruwa. A ganina in Auta ya buɗe baki kyaftin zai sa masa ido, a kore shi, sunansa ya ɓaci a wurin kamfanoni.

"To hannun fa, Yaya? Yana zogi har kafaɗa."

"Bar mini wannan. Daga sama zan biyo wa abin. Jirgin na wace ƙasa ne?"

Ya fita bayan jirgin ya haska mini tuta da sunan birnin da aka rubuta a ƙarƙashin sunan jirgi. Tutar wata ƙasa ce ta bakin teku a nahiyarmu. Raina ya yi fari. Na ce masa ai shi ke nan, jirgin 'yan'uwa ne. Zan je ofishin jakadancinsu a Paris, babba ya buga wa kyaftin waya, a kai shi asibiti cikin mutunci, ba wanda ya kai ƙarar wani.

Da yamma na nuna wa matata hoton hannun. Ita a gidan kula da tsofaffi take aiki, ta ga raunuka iri-iri. Ta buɗa hoton da yatsu ta daɗe tana kallo.

"Malam, wannan ya fara ruɓa. Asibiti yake so, yau ba gobe ba."

"Shi ya sa zan tafi Paris."

"Paris? A Paris hannun yake?"

Na yi mata bayanin tuta da jakada. Ta saurare ni har na gama, tana tsaye da ludayi.

"Yaro na kudu, kai ka nufi arewa. Mutanen da suka iya tsayar da jirgi sukutum saboda famfo, su ne ba za su iya sauke mutum guda ba?"

"Ke ba ki san yadda ake bi da hukuma ba."

"Na san yadda ake bi da ƙuna."

Na ce mata zancen manya ne. Ta ce to Allah ya ba manya sa'a, ta koma kan tukunyarta. Na ɗauki hutu a wurin aiki, na kwashi kilishin da aka aiko mana daga gida da kwalbar turare mai kyau, na hau jirgin ƙasa washegari, daidai lokacin da ake yi wa Auta tambayoyi.

Ba a shiga ofishin jakadanci hannu na dukan cinya, sai da ɗan jagora. Nawa jagoran shi ne Alhaji, dattijon gidanmu na Montreuil, Bafillace, wanda ya fi kowa daɗewa a wurin kuma yana cewa babu ofishin jakadancin Afirka da bai san mutum a ciki ba. Kakata Babarbariya ce, don haka tsakanina da shi ba a gaisuwa sai da zagi.

"A'a, bawana ne ya tuna da ubangidansa? Shigo, Babarbare. An ƙoshi a Lyon, dubi tumbi."

Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni, na ce da gaggawa. Ya ce gaggawa ba ta hana cin abinci. Aka kawo shinkafa daga kicin ɗin ƙasa. Aka kawo shayi na farko, aka kawo na biyu. Ya ba ni labarin wanda ya rasu, da wanda ya koma gida, da wanda ya auro yarinya ta gudu Bordeaux. Ina zaune a bakin gado ina ta duba agogo. Da ya ga dama ya lalubo wayarsa ya kira mutuminsa, wani direba a ofishin jakadancin. Direban ya ce ya kai maigida filin jirgi, a kira anjima. Anjima wayar a kashe. Ranar Juma'a ce, muka tafi masallaci, muna dawowa aka ce ofis ya tashi sai Litinin.

Na ce, "Alhaji, mu je mu tsaya a ƙofa mana ko wani zai fito."

"Mu tsaya a ƙofa kamar masu neman biza? Ka san da wa kake tafiya?"

Asabar da Lahadi na yi su a ɗakinsa, ina kwana a kan tabarmar salla tsakanin akwatuna. Auta ya kira ya ce ya yi yadda na ce. Mai binciken mace ce, ta tambaye shi abinci, ta tambaye shi hutu, ta tambaye shi ko akwai abin da ke damunsa. Har ta kalli safar ta ce ba ya jin zafi ne, ya ce sabo ne. Na ce madalla. Muryarsa ta yi ƙasa, ya ce zazzaɓi ya fara kama shi. Na ce ya sha ƙwayoyin, ya daure, Litinin komai zai warware. Matata kuwa in na kira sai ta miƙa wa yara wayar.

Ran Litinin Alhaji ya sa babbar riga, ya fesa rabin turaren da na kawo don wani. Muka shiga metiro, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, ya ƙi hawa matakala mai tafiya da kanta, muka bi ta ƙafa yana hutawa. Direban dai ya cika alkawari, ya shigar da mu ta gefe ya zaunar da mu a wani ɗaki mai hoton shugaban ƙasarsu da taswira. Muka daɗe. A ƙarshe wani ma'aikaci ya kira mu ofishinsa, mutum mai furfura da tabarau, da alamar gajiya amma mai kirki.

Alhaji ya buɗe gaisuwa da Faransanci irin nasa. Ya tambayi lafiyar jakada, da iyalin jakada, da damina a ƙasarsu, ya ambaci wani ministansu da suka taɓa haɗuwa a Makka. Ni kuwa na tura ƙunshin kilishi a kan tebur. Mutumin ya tura mini abina a hankali, ya ce in faɗi matsalata.

Na faɗa. Na nuna masa hoton tuta, na nuna hoton hannu. Da ya ga hannun sai ya cire tabarau.

"Wannan jirgin," ya ce, "ina jin bai taɓa zuwa ƙasata ba, kuma mai yiwuwa ba zai taɓa zuwa ba."

Na ce ga tutarku. Ya ce tabbas tutarsu ce. Sai ya yi mini bayani kamar yadda ake yi wa ɗan aji ɗaya, kuma na cancanci haka. Kowane jirgin ruwa dole ya yi rajista a wata ƙasa, ya ɗauki tutarta, ya bi dokokinta na lafiyar jirgi da haƙƙin ma'aikata. Amma mai jirgi na iya zama a wata nahiya, kamfanin da ke tafiyar da shi a wata, kyaftin ɗan wata ƙasa, rajista kuma a wurinsu. Ofishin rajistar ba a wannan ginin yake ba, ba ma a Faransa yake ba. Yana da nasa ma'aikata da masu bincike, yana karɓar koke, kuma in na rubuta za su duba. Shi ma zai iya tura musu saƙo yanzu. Amma jakada bai san kyaftin ba, ba shi da lambarsa, ba ya ba shi umarni, kuma kafin saƙo ya zagayo jirgi ya yi nisa.

"Wa ya tsare jirgin?" ya tambaya.

"Masu bincike na tashar."

"To su ne ƙafarsu ke kan jirgin. Duk ma'aikacin da ke tasha yana da haƙƙin ganin likita, dokarmu ta faɗa, tasu ma ta faɗa. Yana faɗa musu za su sa a sauke shi. Ba su yi magana da ma'aikata ba ne?"

"Sun yi."

"Me ya ce musu?"

Na kalli taswirar bango. Na ce ya ce lafiyarsa ƙalau.

"Don me?"

"Ni na ce ya faɗi haka."

Mutumin ya mayar da tabaransa. Alhaji ne ya juyo kaina da Hausa.

"Kai amma an yi sakarai! Mutum hannunsa na ruɓewa ka ce ya ɓoye? Wane jaki ya koya maka wannan?"

Wallahi da ba don furfurarsa ba, da na faɗa masa sunan jakin a gaban baƙo. Shi ne fa ya zaunar da mu a ɗakin nan nasa, muna sababbin zuwa, yana kaɗa mana yatsa cewa ko wuƙa ce a cikinka ka ce wa mai takarda lafiya lau. Na haɗiye. Na yi wa ma'aikacin godiya, ya rubuta mini sunan ofishin da zan nema a tashar, muka fito. A ƙofa Alhaji ya ce tunda ba a karɓi kilishin ba, ba kyau a yi ta yawo da shi. Na ba shi, na bar shi a bakin metiro yana ce mini Babarbare ba ya sallama.

A gefen titi na kira Auta. Ya daɗe bai ɗauka ba. Ya ce an gyara famfo, masu bincike za su dawo gobe da hantsi, in sun sa hannu jirgi zai tashi da yamma.

"In sun zo ka cire safar nan ka nuna musu."

"Ah, Yaya."

"Ah me?"

"Na riga na ce mata lafiya lau. In koma in ce ƙarya na yi? Ga kyaftin a bakin ƙofa. Ga abokan aiki kowa ya ƙosa a tashi, in na jawo aka ƙara tsare mu, da wane ido zan kalle su?"

"Da idonka biyu! Hannu ne fa za ka rasa!"

"Jakadan bai kira ba ne?"

"Babu jakadan da zai kira."

Ina jin ƙarar inji a bayansa. Na shiga yi masa ihu a tsakiyar Paris, wata tsohuwa mai kare ta tsallaka titi saboda ni. Na kira shi mai taurin kai, na ce tun yana yaro haka yake. Ya bar ni na gama.

"Yaya, kai ka ce in ɓoye."

Ban taɓa ce wa ƙanena na yi kuskure ba. A gidanmu ba a yi, babba in ya kauce sai ya canza zance a wuce wurin. Na nemi wata hanyar na rasa. Na ce, "Na ce, kuma shirme na faɗa. Ban san komai a kan jirgin ruwa ba, Auta. Ban san tuta ba, ban san rajista ba, tsorona na Bobigny na ɗora maka. Yanzu wanda ya sani ya faɗa mini. Don girman Allah ka cire safar."

Ya ce zai gani. Wannan kalmar ta kusa sa in jefar da wayar.

Na kira matata, na ce kada ta ba yara. Na karanta mata abin da aka rubuta mini, don ta fi ni Faransanci a waya nesa ba kusa ba. Ba ta ce mini ai na faɗa maka ba, numfashi kawai ta ja, wanda ya fi maganar ciwo. Kafin in kai tashar jirgin ƙasa in yanki tikiti ta kira ta ce ta sami masu binciken, ta ba su sunan jirgi, ta ce su dubi hannun damar wani ma'aikacin ɗakin inji. Sun ce za su keɓe shi su tambaye shi ba kyaftin a kusa, amma ba za su cire wa mutum safa da ƙarfi ba. Ita ma ta kira Auta. Ban san abin da ta faɗa masa ba, ta ce tsakaninta da ƙanin mijinta ne.

Washegari da sassafe na hau jirgin ƙasa mai zuwa kudu kai tsaye. Ya bi ta gefen Lyon bai tsaya ba. Na zauna ina kallon gonakin da na sani suna wucewa, ina lissafin cewa da tun ranar farko nan na nufa, da tuni an wanke hannun nan an sa magani.

A ƙofar tashar jiragen ruwa masu gadi suka ce ba a shiga sai da kati. Na yi magiya, na ambaci ƙanena, na ambaci Allah. Suka nuna mini wani benci. Wuri ne shimfiɗaɗɗe, tankuna da bututai da manyan motoci, ko ruwan ban hango ba. Wayar Auta ba ta shiga. Rana ta take, na yi azahar a gefen shinge. Ina naɗe jaridar da na shimfiɗa sai ga wata farar mota ta fito, ta rage gudu. Yana kujerar baya, hannun a kan ƙirjinsa ba safa. Ya rame har na yi shakkar shi ne.

"Yaya, ka yi ƙiba," ya ce da na shiga.

"Rufe mini baki."

A asibiti likita ya kwance bandejin, ya tambayi tun yaushe, Auta ya faɗa, likitan ya ɗago ya kalle mu duka biyu. An yi masa aiki a ranar. An ceci hannun, amma ƙaramin yatsa ya tafi, biyu na kusa da shi kuma suka sandare, ba sa lanƙwasawa. Likitan ya ce da an zo da wuri da labarin ya bambanta. Bai faɗi da kwana nawa ba, ni ma ban tambaya ba, don ina tsoron amsar ta faɗo cikin kwanakin da na yi ina shan shayi a Montreuil.

Jirgin ya tashi ba shi. Kamfanin ya ɗauki nauyin asibiti da na komawarsa gida, ba don alheri ba, dokar tutar nan da na je nema a Paris ce ta wajabta musu. Saƙon ma'aikacin nan mai tabarau ma ya isa ofishin rajista, suka rubuto suna neman bayani, matata ta amsa musu.

Da aka sallame shi ya zauna wurinmu a Saint-Fons yana zuwa gashin hannu. Matata ta koya masa sa maɓallin riga da yatsun da suka rage, yara suka mayar da shi abokin kallon ƙwallo. Ɗakin inji kam ya ƙare masa, ba a riƙe sifana da irin wannan hannun. Na yi ta jira ya zage ni ko ya ɗaga mini murya, in sami sauƙi. Ko sau ɗaya bai yi ba. In na fara zancen sai ya ce, "Yaya, ƙaddara ce," ya ƙara sautin talabijin. Wannan haƙurin nasa ya fi komai ba ni haushi, har yau.

Ranar tafiyarsa na raka shi filin jirgin sama na Lyon. Ya ce zai sauka gida ya ga Inna, daga nan ya koma bakin teku, wani abokinsa ya yi masa alkawarin aikin duba takardun kaya a tasha. Na buɗe baki zan ba shi shawara a kan aikin, na rufe. Na ɗaukar masa jaka har inda ake tsayar da masu rakiya. Ya karɓa, ya yi ƙoƙarin rataya ta da dama ta zame, ya juya ta kafaɗar hagu, ya shiga layi.